Tafiyata ƙasar Mirya sadakar arba'in

A wannan wata zan ba ku labarin tafiyar da na yi a ƙarshen Disamba 2024, daga ƙauyenmu da ke kudu da Maraɗi zuwa ƙasar Mirya, gabas da Damagaram. Ba fatauci ya kai ni ba, ba biki ba. Aminina ne ya rasu, na tafi sadakar arba'in.

Labarin rasuwar bai same ni da wuri ba. Salulata ta faɗa ruwa tun da damina, ban sami halin gyara ta ba. Sai wata Litinin a kasuwar Maraɗi na gamu da wani mai sayar da tukwane, mutumin wajensu. Muka gaisa. Ya ce, "Malam, ya haƙuri?" Na ce, "Haƙurin me?" Sai ya sunkuyar da kai. A ranar an yi kwana 12 da rufe shi. An yi uku, an yi bakwai, duk ba ni.

Na koma gida da niyyar in tafi arba'in. Amma gidan nawa ba a shirye yake ya sake ni ba.

Kowa ya san daminar 2024. Ruwa ya yi yawa har ya zama ɓarna. A ƙasa baki ɗaya mutum fiye da 300 suka rasu, waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan 1, kuma jihar Maraɗi tana cikin inda ya fi tsanani. Mu Allah ya tsare rayukanmu, amma ɗakin uwargida ya zube, katangar gabas ta kwanta. Tun Satumba tana kwana cikin bukkar kara ita da jikoki 2. Ga ɗari ya shigo. Gara ta kama gindin rumbu. Akuyarmu ta haihu, ba nonon kirki, don harawar da na ajiye ta jiƙe ta ruɓe. Ƙaramar jikanya kuma zazzaɓi ya hana ta sakat, sau 2 muna kai ta gidan likita.

Da na sayar da aya da wake, na ɗaure jika 35 cikin tsumma. Na ce wannan kuɗin magini ne da azara da ƙofa, ba mai taɓa shi.

To, akwai wani abu da ko uwargida ba ta sani ba. Shekara 3 baya na ranci jika 30 wajen marigayi, na cika na sayi san amalanke. Na biya 10, saura 20. Ba takarda, ba shaida, daga ni sai shi sai Allah. Kowace shekara ina cewa bayan kaka zan kai masa da ƙafata. Shi kuwa bai taɓa tambaya ba, ko cikin wasa.

Daren da na gaya mata, ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ce, "Malam, wanda ya mutu ba ya jin ɗari. Mu muke ji." Ban ga laifinta ba, gaskiya ta faɗa. Ta ce in tafi in yi gaisuwa, bashi ya jira baɗi. Na ce mata baɗi an riga an raba gado. Kuɗin da mamaci ke bin wani ba nasa ba ne kuma, na magada ne, kuma cikinsu akwai yara ƙanana. Ba ta amsa ba, ta shige bukka. Da asuba na iske gorar fura da ƙullin ƙuli-ƙuli a kan jakata.

A kan gudro

Wani maƙwabci ya kai ni bakin hanya da amalanke, na sami mota zuwa Maraɗi. A tasha muka zauna jira, don motar Damagaram ba ta tashi sai ta cika. Hantsi ya yi sosai kafin direba ya tayar. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kamar kilomita 240 ne, gudro ne duka, fuska gabas.

A Cadawa muka ga buhunan aya jibge a bakin hanya suna jiran manyan motoci. Muka wuce Agye da Gazawa. An gama girbi, shanu da tumaki sun bazu cikin gonaki suna cin kara. Abin da ya fi ɗauke mini ido shi ne itace. Yaran da ke cikin motar ba su ga abin mamaki ba, don haka suka tashi suka gani. Ni na bi hanyar nan a 1984, lokacin da mutum zai hangi ƙauye daga nesa ba icen da ya tare masa ido, iska tana kwashe rairayi tana binne shuka.

A shekarun nan ne aka fara sassabin zamani a ƙasar Maraɗi, tare da wani Bature ɗan Ostiraliya mai suna Toni Rinodo. Aikin ba shi da wuya. Kututturen da ya toho cikin gona ba a tuge shi, ba a ƙone shi. A zaɓi reshe 2 ko 3 masu ƙarfi, a sare sauran, a riƙa gyarawa kowace shekara. Saiwa tana nan da ranta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake saurin girma fiye da icen dashe. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da itace kamar miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Da farko ni ma na yi wa masu yi dariya. Na ce gona ce ko daji?

A Tasawa muka yi azahar. Na sha furata, ban sayi kome ba, hannuna yana kan tsumman nan. Mun ɗan bar garin ƙafar baya ta fashe. Muka sauka muka zauna gindin goruba fiye da awa guda, hazo ya rufe ko'ina, leɓe yana tsagewa. Wajen shingen jandarma aka duba katin kowa. Wani saurayi ya manta nasa a gida, ya ɓata mana lokaci. Wanda zai yi tafiya ya duba aljihunsa tun a gida.

Takeita

Da muka iso Takeita mota ta tsaya sauke kaya, na fito na tsaya a mararraba. Daga nan hanya ke yin kudu zuwa Matamaye, ta shiga Najeriya wajen Daura, har Kano.

A Kano na san marigayi. Muna samari, mun tafi cin rani, muna ga-ruwa a Fage. Ni Bamaraɗe, shi mutumin Damagaram, zaure ɗaya muke kwana, ƙwarya ɗaya muke ci. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda sati 2 su bar ƙasar. Muka hau bayan babbar mota da ɗan abin da muka tara. A hanya aka yanke mini aljihu. Nan Takeita, a wannan mararraba, ya kwance lalitarsa ya raba abin da ke ciki biyu, ya ba ni rabi. Ni na yi yamma, shi ya yi gabas.

Shekarar da ta biyo, 1984, ruwa ya ƙi. Najeriya kuma ta rufe iyaka, hatsi ya daina shigowa, shi ya sa mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. Ya aiko mini in zo. Na yi rani guda a gidansu ina ban ruwa a garkar ubansa, ina aika wa iyayena ɗan abin da na samu. Daga nan zumunci bai yanke ba. Shi ya riƙe mini rago ranar sunan ɗan farina.

Direba ya yi oda, na koma mota.

Damagaram

Mun shiga Damagaram da magariba. Na kwana a Zango wajen wani ɗan garinmu mai sayar da goro. Da safe na ce sai na leƙa Birni, tunda na daɗe rabona da shi. Manyan duwatsun nan suna nan, wani kan wani, kamar da hannu aka jera su. Gidan Sarki yana nan, dogarai da jajayen riguna a ƙofa. Nan ne babban birnin Nijar a zamanin Turawa, kafin a mai da shi Yamai a 1926.

Amma tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ruwan ranar 3 ga Satumba 2024 ya rushe shi. Na tsaya ina kallon wurin. Sau da yawa mun yi salla a ciki ni da marigayi in mun kawo kayan garka kasuwa. Na tuna ɗakin uwargida. Ruwan da ya kayar da ginin sarakuna, ina ga tubalin talaka?

Daga Damagaram zuwa Mirya kilomita 18 ne. Daga Mirya na hau kabu-kabu zuwa ƙauyensu.

Wanda bai taɓa zuwa ƙasar nan da rani ba, ya kamata ya zo ya ga gawo. Daga Mirya zuwa Matamaye da Magarya gonaki cike suke da shi. Gawo ice ne mai hali dabam. Da damina, lokacin da kowane ice ke ganye, shi sai ya zubar da nasa, ya bar hatsi ya sha rana. Da rani, da kome ya bushe, sai ya yi kore shar. Ganyen da ya zuba taki ne. Dabbobi suna zuwa inuwarsa su ci ƴaƴansa, su bar kashi a nan. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili. Mutanen can suna cewa tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, mai sare gawo yana gamuwa da hukunci mai tsanani.

Ranar sadaka

Babban ɗansa ya tarye ni a ƙofar gida. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ka iso? Har ya cika yana tambaya ko an same ka a waya." Ban iya amsa masa ba. Aka kai ni bakin ƙofar mai takaba, na yi mata gaisuwa daga waje. Tana cikin wata 4 da kwana 10 na takabarta, ba ta fita.

Washegari bayan sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Malamai suka raba izu 60 tsakaninsu suka sauke. Aka yi addu'a, aka shafa fatiha, aka raba gumba da goro da dabino. Wasu malamai suna cewa taron arba'in ba dole ba ne a addini, addu'a kowace rana ana yin ta. Ban iya musu da malamai ba. Abin da na sani, ba don an sa ranar ba, da har yau ina gida ina cewa bayan kaka.

Kafin a watse liman ya ce, "Jama'a, gobe za a fara lissafin gado. Wanda ke bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya faɗa." Mutum 2 suka tashi, ɗaya yana bin kuɗin taki, ɗaya tiya 10 ta hatsi. Aka rubuta. Sai wuri ya yi tsit.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji nauyin tashi. Ba wanda ke kallona. Bukkar kara ta faɗo mini a rai, da tarin jikanya da dare. Sai na ga ƙaramin ɗansa, bai fi shekara 9 ba, zaune a gefen tabarma, ƙeyarsa sak ta ubansa. Na miƙe na ce, "Liman, yana bi na jika 20." Na kwance tsumma na ƙirga a gaban jama'a. Babban ɗan ya ce, "Baba, ka bar shi." Liman ya ce ba shi da ikon yafe rabon ƙannensa, sai nasa. Na ce a karɓa duka. Aka karɓa, aka rubuta.

Da marece ɗan ya kai ni kabari, daga nan muka zarce gona. Akwai gawo guda a bakin iyaka wanda na gane. A ranin da na yi a gidansu bai kai gwiwata ba, ni da marigayi muka kewaye shi da ƙaya don awaki. Yanzu mutum ɗaya ba ya iya rungume shi. Na tambayi yaron abin da za su yi da itacen in an raba gona. Ya ce ubansu ya bar wasiyya: a raba ƙasa, kada a sare gawo.

Komawa gida

Da zan taso, yaron ya ɗaure mini rabin buhun ƴaƴan gawo, ya ce a kai wa akuya. Mai takaba ta aiko da tulu sabo, ginin Mirya, ta ce a kai wa ƴar'uwarta. Na rungume shi a cinya tun daga Damagaram. Duk da haka wani rami bayan Tasawa ya ɓalle masa baki kaɗan.

Na iso gida da jika 4 da ƴan canji, sauran ya tafi kuɗin mota da abin sadaka. Jikanya ta warke, tana wasa a tsakar gida. Ɗan akuya ɗaya ya mutu, ɗayan yana nan. Ɗaki yana yadda na bar shi. Kuɗin magini babu, saboda haka na bi maƙwabta gida gida, muka sa ranar Alhamis za a yi gayyar tubali, ni ke da fura da goro.

Uwargida ta juya tulun ta duba inda ya ɓalle. Ta tambayi lafiyar mai takaba da yara, ba ta tambayi tsumman ba. Ta wanke tulun ta cika shi da ruwa, ta ajiye a bakin bukka.