Wa Ya Rubuta Ranar Da Shinge Ya Fito?



A zamanmu na ƙarshen wata, bayan an gama maganar kuɗin taki, sai gardama ta kaure a kan shinge. Dattawanmu suka ce da can ruwan farko na sauka, da daddare yara sun jera kwanuka a gindin fitila, a kwashe a soya. Yanzu, in ji su, ya ragu kuma yana makara. Matasa suka ce ko kusa, fitilun sola ne suka yi yawa suka rarraba shi. Muka buɗe littafin ƙungiya, mu masu riƙe da biro. Duk wanda ake bi bashi sunansa na ciki, amma ranar fitar shinge ko sau ɗaya ba mu rubuta ba.

An yi dariya, amma abin ya tsaya mana a rai. Manomi a Samaru Kataf ko Zonkwa yana duba irin waɗannan alamu kafin ya zuba iri. In alamar ta daina tafiya tare da ruwa, iri da taki ne za su salwanta.

Ga shi kuwa yawancinmu muna da waya mai kyamara, kuma ita da kanta take ajiye ranar da aka ɗauki hoto. Akwai manhajar iNaturalist, inda mutum ke ɗora hoton ƙwaro, masana daga ko'ina su faɗi irinsa. A nan kusa da mu, cibiyar APLORI ta Jos ta daɗe tana tattara bayanan tsuntsayen Najeriya ta hannun 'yan sa-kai.

Ku tuna tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta shigo ƙasar nan a 2016 daga nahiyar Amurka. Tana da baƙin ɗigo huɗu kusa da wutsiya, hoto mai kyau zai nuna su. Sau nawa muka yi feshi ba mu san abin da muke kashewa ba, har da ƙudan zuma?

Hoton shekara ɗaya ba zai tabbatar da sauyin yanayi ba, sai an jera shekaru. Don haka muka yanke cewa daga ruwan farko na bana, duk wanda ya ga shinge, fara ko tsutsa a gonarsa ya ɗauka ya turo wa sakatare, tare da sunan unguwa. Mun ware shafuka goma a bayan littafin.