Famfon da muka canza ba shi da laifi

Mu kanikawan manyan motoci ne a nan Maraɗi, kuma yau kuskurenmu muka zo faɗi, don kada wani ya taka inda muka taka.

A cikin bazara ne, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, wata babbar mota ta shigo garejinmu tana rarrafe. Albasar Galmi ta ɗauko, za ta Kano ta hanyar Ɗan Isa. Direban ya ce kwana da kwanaki wata fitila ke kunne gabansa, bai kula ba. Daga baya motar ta rage ƙarfi. Da ya tsaya shan gazwal ya sake tada ta, sai ta ƙi wuce kilomita 20 a awa. Ga albasa cikin rana, ga Alhaji mai mota yana ta bugo waya.

Muka jona kwamfutar gwaji, ta ce matsin ruwan AdBlue ya yi ƙasa. A motoci da yawa lambar wannan matsala ita ce P20E8.

Ga wanda bai sani ba, yawancin manyan motocin da ake kawo muna na hannu daga Turai yanzu suna da ƙaramin tanki mai shuɗin murfi kusa da na gazwal. Ruwan da ake zuba mashi shi ne AdBlue: kashi 32.5 cikin ɗari yuriya ce tsarkakakkiya, sauran kuma ruwa ne da aka cire wa duk wani gishiri. Famfo ke jawo shi ya tura ta tiyo zuwa wani ɗan baki mai feshi cikin salansa. Can zafi ke maida shi amoniya, ita kuma ta maida gubar hayaƙi iska da tururin ruwa marasa cutarwa. Wasu motoci na aiki da matsin bar 5, wasu bar 9. In matsin bai kai ba, feshi ba ya yiwuwa. Motocin ƙa'idar Euro 6 kuwa da gangan aka ƙera su haka: su fara gargaɗi, su rage kashi 25 na ƙarfin inji, in an yi biris su koma kilomita 20.

To mu me muka yi? Muna ganin “matsi ya yi ƙasa” muka yanke hukunci: famfo ya mutu. Muka ce, “Alhaji, sai an sayi wani.” Ya ce, “Malam, kun tabbata?” Muka ce mun tabbata. Aka aika Kano, aka kwana biyu ana jira, aka kashe kuɗi masu nauyi. Muka ɗaura, muka goge lambar, muka tada mota. Wallahi ko minti goma ba a yi ba fitilar ta dawo. Garejin ya yi tsit. Direba ya zauna bisa taya ya dafe kai, don ya san shi za a ɗora wa asarar.

Sai lokacin muka yi abin da ya kamata tun farko. Muka cire tiyon da ke jawo ruwa daga tanki, muka sa wani tiyo mai tsabta cikin sabon galan na AdBlue. Nan take matsi ya hau ya tsaya cak. Muka maida tsohon famfon muka gwada, shi ma ya hau. Ashe lafiyarsa lau.

Da muka buɗe tanki sai muka tarar da laka a ƙasa, matatar da ke ciki ta toshe. Tiyon kuma ya tsage kaɗan wajen mahaɗa, famfo na zuƙar iska maimakon ruwa. Yaron mota ne ya faɗa muna gaskiya: ruwan ya ƙare masu a hanya, wani ya ce ai takin zamani ne kawai, suka jiƙa yuriyar gona da ruwan rijiya suka zuba. Kun ji inda gizo ke saƙa. Takin gona akwai datti cikinsa, ruwan rijiya akwai gishiri da ƙasa, kuma ba mai iya daidaita ma'aunin da ido.

Tun daga ranar muka sa wa kanmu doka: daga mai araha ake farawa. Da farko mu leƙa tanki, akwai ruwa ko babu, kuma garau yake ko ya gurɓace. Mu sansana, don in gazwal ya shiga ko kaɗan ne, yana kumbura robobin famfo. Akwai ɗan madubin awo da ake ɗiga wa ruwan ya nuna ko yana kan 32.5. Sannan mu bi tiyo da ido: duk inda kuka ga farin abu ya daskare kamar kanwa, nan ke yoyo, kuma ruwan ɗumi mai tsabta ke narkar da shi. Amma a lura, tsagar da ke gefen zuƙa ba lallai ta bar farin nan ba, tunda iska take sha. Shi ya sa gwajin galan ke da amfani. Bayan haka sai matatu, ta cikin tanki da ta jikin famfo, da ɗan ramin shaƙar iska na tanki, wanda ƙurar hunturu ke toshewa. Sai wuta: fiyus, wayoyi, da mahaɗar da tsatsa ta ci. Sai mu sa agogon awon matsi na hannu, don wani lokaci matsin daidai yake, ma'aunin motar ne ke ƙarya. In duk waɗannan sun wuce lafiya, sannan a tuhumi famfo.

Mun san wasu za su ce a kashe tsarin gaba ɗaya a huta. Ana yi, ba mu musu. Sai dai hayaƙin nan mu ke shaƙarsa, mu da ƴaƴanmu da masu talla a bakin tasha.

Direbobi ƴan'uwa, ku riƙe galan ɗaya rufaffe cikin mota, a inuwa, don zafin da ya wuce digiri 30 yana rage kwanan ruwan. Lissafin mai sauƙi ne: wajen lita 5 ga kowace lita 100 ta gazwal. Ku goge bakin tanki kafin ku buɗe, kuma mazurarin gazwal kada ya taɓa shi. In fitila ta kunna, ku zo tun mota na da ƙarfinta.

Motar Alhaji ta tashi a rana ta huɗu, da tsohon famfonta, sabon tiyo da sabuwar matata. Buhunan ƙasa sun riga sun fara ruɓewa. Mun kira shi mun ce laifin jinkirin namu ne, kada ya taɓa albashin direba, kuma mun yafe kuɗin aiki. Famfon da aka sayo yana nan bisa kanta a garejinmu. Duk sabon yaron da ya zo koyon aiki, shi muke fara nuna mashi.

Allah ya tsare hanya, ya ba kowa halalinsa.