Gefen Wa?

1/ Jama'a, tun da na shigo jami'a 'yan ɗakinmu ba sa kiran sunana. "Ɗan daji" suke ce min, don kawai ni ɗan Faru ne, ƙasar Maradun. Nakan yi dariya. Wallahi ba ta kai ciki.

2/ Akwai wani a ɗakin da ya fara karatun likita a Kharkiv, yaƙi ya koro shi gida a Maris 2022. Rannan muna shan shayi na ce, ai Yukren da Rasha duk kanwar ja ce. Ya ajiye kofi ya ce, "Malam, kar ka sake."

3/ Shi ya fayyace min. Sunan da Ingilishi ke kiransu, Ukrainian, daga Ukraina ya fito. Kalmar ta fara bayyana a rubuce a tarihin Kyiv, a labarin shekarar 1187. Tushenta "krai", wanda ke nufin gefe ko bakin iyaka, yana kuma nufin ƙasa.

4/ Nan rigimar take. Wasu masana sun ce "ƙasar bakin iyaka" ke nan. Wasu sun ce a'a, "ƙasarmu" ce kawai.

5/ Da can daular Rasha "Ƙananan Rashawa" take ce musu, Turawan Ingila ma suka ɗauka. Su kuwa suka kafe a kan sunan da suka zaɓa. Bayan 'yancin 1991 har "the" ɗin da ake liƙa wa Ukraine suka nemi a cire, don yana sa ta zama kamar wani yanki na ƙasar wani.

6/ Abokina ya ce, "In an ce maka gefe, tambayi gefen wa?"

7/ Ranar ban yi barci da wuri ba. Ga wanda ke Abuja, Faru gefe ce. Ni kuwa nan aka binne cibiyata. Nan garin Sa'idu Faru ne, mawaƙin sarauta. Kakata ba ta san wata babbar kasuwa da ta wuce ta Talatar Mafara ba.

8/ Matsalar tsaro gaskiya ce, mun binne 'yan uwa. Shi ya sa laƙabin ke min ciwo: sunan waɗanda suka kashe mana mutane ake kirana da shi.

9/ Washegari wani ya ce "ɗan daji, miƙo caja." Na ce, "Bazamfare nake, ɗan Faru." Aka yi tsit. Biyu sun daina, ɗaya har yau bai daina ba.

10/ Ku fa, wane suna aka liƙa muku kuna dariyar dole?