Dala 204 kafin ƙarfe goma na safe

Ma'aikaciyar ta ajiye takardar lissafin a gefen hannuna na dama, domin tun da muka zauna na faɗa mata, da murya ƙasa-ƙasa don kada Yaya ta ji, cewa ni zan biya. Na buɗe 'yar baƙar jakar da aka saka takardar a ciki, na duba, na rufe, na kurɓi shayin da ya riga ya huce, sannan na sake buɗewa ko lambobin sun canza. Suna nan yadda na bar su.

A ƙarshen shekarar 2024 ne. Na je Amurka wani taro na 'yan jarida, da aka tashi kuma na wuce Atlanta wurin yayata, wadda ke aikin jinya a can shekara da shekaru. Kwana goma sha biyu na yi a gidanta ban kashe ko sisi ba. Ita ce abinci, ita ce man mota, ita ce rigar sanyin da ta saya mini da ta ga abin da na zo da shi daga Kaduna. Da aka yi wa yara hutu ta ce mu tafi Orlando, tafiyar kusan awa bakwai a mota, ta cika musu alkawarin da ta daɗe da yi na kai su Walt Disney World. Kuɗin otel da na tikitin shiga duk ta biya tun watanni kafin in zo. Ni kuwa kawu ne, kuma kawun da bai taɓa saya wa 'ya'yan 'yar'uwarsa ko alewa da hannunsa ba. Sai na ƙudurta a raina cewa karin kumallo dai nawa ne, na kwana ukun duka. A tunanina shi ne abinci mafi sauƙi a yini: ƙwai, burodi, shayi. Wane dare ne jemage bai gani ba?

Ga yadda lissafin ya kasance. Gidan abincin, wanda ke cikin ɗaya daga otel-otel na wurin, irin wanda ake jera abinci ne kowa ya ɗiba iya cikinsa, kuma mutanen da suka yi shigar Mickey da abokansa suna zagawa tebur-tebur ana ɗaukar hoto. Babba dala 45, yaro dala 29. Ni na lissafa manya biyu da yara biyu. Abin da ban karanta ba, ko da yake a rubuce yake ƙarara a manhajar da na kama teburin, shi ne cewa a wurin yaro yana nufin mai shekara 3 zuwa 9. 'Yar Yaya ta cika 10 a watan Agusta, saboda haka babba ce a tikitin shiga, babba ce a teburin abinci, duk da cewa abin da ta ci bai wuce 'ya'yan itace da wainar fulawa guda biyu ba. Manya uku da yaro ɗaya, dala 164. Sai haraji, wanda a Amurka ba a haɗa shi cikin farashin da ke rubuce. A gundumar Orange kashi 6.5 cikin ɗari ne, ya zama kusan dala 11. Sai tukwicin mai hidimar tebur, kashi 18 cikin ɗari, kusan dala 30. Jimla dala 204 da 'yan kai.

A lokacin dala ta haura naira 1,500. Ko da a kan 1,500 ɗin aka tsaya, naira 306,000 ke nan. Watanni kaɗan kafin nan, a Yulin 2024, aka sa hannu kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000, kuma ni kaina na rubuta labarin. Wato albashin wata huɗu na ƙaramin ma'aikaci muka karya da shi, har da canji. Na san wannan irin lissafi ba shi da amfani ga wanda ke karɓar albashinsa da dala. Amma ni da naira nake karɓar nawa, kuma guzurin da na rage daga kuɗin taron bai kai dala 400 ba.

Ban ga laifin kowa ba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da ya tsaya mini a rai a daren shi ne tambayar da aikina ya koya mini yi: me ya sa ƙwai da fulawa suka kai haka, kuma me na saya a haƙiƙa?

Amsar farko tana cikin ƙasar da muke kwance a kanta. Lokacin da Walt Disney ya buɗe wurin wasanninsa na farko a Anaheim ta jihar Kalifoniya a 1955, filin bai fi eka 160 ba. Kafin a ankara ƙananan otel-otel da gidajen abinci masu araha sun kewaye shi, baƙo ya fito ƙofa ya tsallaka titi ya ci abinci a wurin wani. Da ya juya zuwa Fulorida a tsakiyar shekarun 1960, sai ya sayi fili a ɓoye, da sunayen ƙananan kamfanoni daban-daban don kada masu gonaki su gane su tsauwala farashi, har ya tara eka fiye da 27,000, wato sama da murabba'in kilomita 100. Ya rasu a Disambar 1966, aka buɗe wurin ranar 1 ga Oktoban 1971. Yau manyan filayen wasa huɗu ne a ciki, da otel fiye da ashirin, da tituna da tafkuna da motocin safa na kansu. Wanda ya kwana a ciki ya farka da yunwa, ba shi da mai shayin bakin titi da zai taka ya je wurinsa. Fita waje na nufin tayar da mota, da tafiya, da dawowa neman wurin ajiye ta. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da ruwa a tashar mota ya san darajar mai saye da ba shi da inda za shi.

Amsa ta biyu ta fi shafar irinmu. Farashin abincin ɗebi-da-kanka ɗaya ne ga kowa, an yanka shi ne bisa abin da matsakaicin baƙo zai ci. Shi kuwa karin kumallon Ba'amurke, ginshiƙinsa naman alade ne: soyayyen siraran yanka, da sosej, da wata farar miya mai kauri da ake zubawa a kan burodi wadda ita ma da naman ake yin ta. Da na gaya wa ma'aikaciyar cewa ba ma cin alade, sai ta kira kuku, ya fito da farar hularsa ya zaga da mu gaban kowane faranti yana nuna abin da ke ciki, har ya ce zai soya mana ƙwai a kasko na daban. Wannan ladabi ya burge ni ƙwarai, kuma ina ba duk Musulmin da ya je shawarar ya tambaya, ba a jin nauyin tambayar a can. Sai dai bayan zagayen, abin da ya rage mana shi ne ƙwai, dankali, 'ya'yan itace, da dangin fulawa, wato mafi arahar abin da ke kan teburin. Mun biya kuɗin nama, wasu sun ci.

Tukwicin ma, wanda ya fi ba ni haushi da farko, da na bincika sai na sauko. A Amurka doka ta yarda a biya mai hidimar tebur ƙasa da sauran ma'aikata bisa zaton baƙi za su cike masa. A dokar tarayya dala 2.13 ne a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, ko da yake jihohi da dama, har da Fulorida, sun ɗaga nasu sama da haka. Abin da mu muke ɗauka kyauta ce ta ganin dama, a wurinta wani ɓangare ne na albashi. Wanda ya hana bai rage wa kamfani komai ba, matar da ta yi ta cika masa kofi ya rage wa.

Akwai kuma wata asarar da ba ta fito a takarda ba, Yaya ce ta nuna mini ita. Tikitin shiga na yini ɗaya ya haura dala 100 ga kowane mutum, kuma wanda ya kwana a otel ɗin wurin ana ba shi damar shiga minti 30 kafin sauran jama'a. A wannan sa'a ta farko layukan hawa lilo gajeru ne. Abin da za ka jira minti goma da safe, da rana sai ka yi fiye da awa a tsaye. Mu kuwa mun kashe awa ɗaya da rabi a zaune muna jiran Mickey ya iso teburinmu, muka shiga fili ƙarfe goma ta wuce, muka tarar da duniya ta riga mu. Waɗanda suka san wurin, in za su ci irin wannan abinci, sukan shiga fili tun da sassafe da ɗan abin taɓawa a jaka, su kama teburin ƙarshe na safe, wajen goma da rabi, ya zame musu karin kumallo da abincin rana a kuɗi ɗaya. Wannan dabara ita kaɗai za ta iya sa dala 45 ɗin ta yi ma'ana.

Duk da haka ba zan ce an yi asarar kuɗin gaba ɗaya ba, don zan yi ƙarya. Autan Yaya shekararsa shida, yaro ne mai kunya wanda ko gaisuwa sai an matsa masa. Da Mickey ya durƙusa a gabansa ya miƙa masa hannu, yaron ya ƙanƙame shi ya ƙi saki, yana ta ba shi labarin makarantarsu da Turancin da ban taɓa jin ya yi mai tsawo haka ba. A cikin fili ma ana ganin waɗannan masu shiga, amma sai an bi layi. Abin da ake sayarwa a teburin ke nan, ƙwan rakiya ya yi. Ga mai ƙaramin yaro da ya mutu a kan waɗannan hotunan, sau ɗaya a tafiya, ina ganin ya cancanta. Ga manya uku da suka zo cika ciki, babu dalili.

A daren na kasa ɓoyewa. Muna zaune yara sun yi barci, na ce, "Yaya, na yi ɓarna fa." Na nuna mata rasit. Ta duba, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ai na ga fuskarka lokacin da ka buɗe. Na yi shiru ne don kada in kunyata ka gaban yara. Gobe ka biyo ni."

Washegari ta kai ni ɗaya gidan abincin da ke otel ɗin, wanda na wuce ta gabansa jiya ban ko kalla ba saboda ya yi mini kama da kantin makaranta. A nan kai za ka je kanta ka faɗi abin da kake so, ka biya, ka ɗauki tirenka ka nemi wurin zama. Babu mai hidimar tebur, saboda haka babu tukwici, kuma babu wanda ya tambayi shekarun kowa. Farantin babba ɗaya, yadda suke cika shi, ya ishi mutum biyu irinmu. Yaya ta ce a cire naman a musanya da dankali, aka musanya ba gardama. Ta karɓi ruwan ƙanƙara a kofi, wanda kyauta ake bayarwa ga duk wanda ya tambaya, maimakon na roba. Wainar fulawar nan mai siffar kan Mickey, mai kunnuwa biyu, wadda yaran suka yi ta ɗoki a kanta jiya, ita ce dai a nan ma, ba ta canza ɗanɗano don an ɗauko ta a tire ba. Faranti biyu na manya, ɗaya na yaro, da shayi biyu: dala 41 har da haraji. Bai kai kuɗin mutum ɗaya na jiya ba, kuma cikin minti ashirin da biyar mun gama muna cikin safa.

Na ɗauka mun kai ƙarshen dabara, ashe da saura. Dokar wurin ta yarda baƙo ya shiga da abincinsa da abin shansa, muddin ba a kwalba ba ne kuma ba giya ba. A ɗakin akwai 'yar ƙaramar firji, a gidan abincin kuma akwai na'urar ɗumama abinci da ta gasa burodi da ruwan zafi, kowa na iya amfani da su. Yaya ta san da wannan tun daga Atlanta. A bayan mota, ƙarƙashin jakunkunan da ni na loda da hannuna ban lura ba, akwai kwali da burodi, da madara, da ayaba, da man gyaɗa, da garin kunun gyaɗar da ni ɗin na kawo mata tsaraba daga gida. Ta yi niyyar fito da shi tun ranar farko, sai ta ga ƙaninta ya sha alwashin yin bajinta, ta ƙyale shi.

Ranar ta uku muka tashi da asuba. Bayan mun yi salla ta sauka da fulas ta cika shi da ruwan zafi, ta dama kunu a ɗaki, na yanka burodi ina shafa man gyaɗa. Yaran suka ce su dai sai da kunnen Mickey, saboda haka muka biya ta gidan abincin a karɓo musu faranti ɗaya su raba. Mai kanta ta ce dala 11 da wani abu. Yaya ta kai hannu jaka, na riga ta.

"Wannan kuma nawa ne," na ce.

Ta mai da jakar kafaɗa, ta ja da baya taki ɗaya, ta ce, "Bismilla, Alhaji."

Ƙarfe takwas da rabi muna bakin ƙofar shiga, autan yana riƙe da kunne ɗaya da ya rage a takarda, ya ce sai ya hau jirgin farko zai ci.