Gayyar Huda

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na fassara ya ce kowa ya zaɓi shafi ɗaya na kimiyya ya mayar da shi Hausa. Na ɗauki shafin garkuwar jiki, domin ƙanena ya yi sanƙarau yana ɗan shekara shida. Ya tashi, amma kunnensa na hagu bai sake ji ba. Tun lokacin nake son sanin yadda jini ke yaƙar irin wannan ƙwayar cuta.

Ashe a cikin jini akwai wasu furotin, yawancinsu hanta ke yin su, suna yawo a rarrabe. Jules Bordet, mutumin Beljiyam, shi ya gano aikinsu a shekarun 1890, har ya sami kyautar Nobel ta 1919. Idan jiki ya gane bakteriya, sai a tsaga furotin ɗin da ake kira C5. Ɓangarensa C5b ya kama C6 da C7, su manne wa tantanin da ya lulluɓe ƙwayar. C8 ke fara soka kai ciki. Daga nan C9 su yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, har wajen 18, suna jeruwa kamar zobe. Kowanne yana da wani sashe a nannaɗe. Da ya shiga sahu sai sashen ya warware, ya miƙe, ya ratsa tantanin. Haka za su zama bututu mai faɗin kusan nanomita 10, ƙwayar ta yi ta yoyo har ta mutu. Ƙwayoyin jikinmu kuwa suna da mai gadi, CD59, da ke hana zoben haɗuwa a kansu. Wanda aka haifa ba shi da ɗaya daga cikin C5 zuwa C9, sanƙarau yakan yawaita kama shi.

Wajen raɗa suna na sha wuya. Na rubuta "mashi", malam ya soke. Ya ce mashi a ƙere yake kafin a jefa shi, waɗannan kuwa a jikin abokin gaba suke haɗuwa. Na kai kukana wurin wani dattijo mai sayar da goro a Sabo, inda nake zuwa gyara Hausata. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Yaro, ai wannan gayya ce." Na rubuta "gayyar huda". Malam ya ɗan yi shiru, sannan ya bar ta.

Da na je gida hutu, na zana wa ƙanena zoben a takarda, na zauna ta damansa ina ƙirga masa C9 ɗin ɗaya bayan ɗaya.