Daga Dakusa zuwa Zango: sabuwar fadar maginan shafukan intanet

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Duk wanda ya fita Damagaram ta arewa, ta ɓangaren hanyar Tanut, ba zai yi nisa ba duwatsun birni za su ɓace masa, ƙasa ta buɗe, gonakin hatsi da wake su miƙe har iyakar ganin ido. Nan ne ƙasar Dakusa, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi uku na gundumar Takeita, tare da Tirmini da Garagumsa. Gawo da aduwa ke yi wa manoma inuwa. Rumbuna na tsaye bayan gidaje, kuma da ganin cikarsu ake sanin ko samari za su zauna gida bana, ko za su tafi cin rani Kano, Agadas ko Libiya. A kan kwalta kuwa manyan motocin dakon mai ne ke kai da komo tun 2011, shekarar da aka buɗe matatar SORAZ mai tace ganga 20.000 a kowace rana.

Ƙauyukan wannan yanki ba su rasa wayar salula ba. Bafatake na tambayar farashin wake a Kasuwar Dole tun kafin ya ɗora wa amalanke kaya, uwa kuma na jin muryar ɗanta daga Tamanrasat. Amma amfani da waya daban, gina abin da ake gani cikin wayar daban. Yaron Dakusa da ya ƙare lakwal, yake son sanin yadda ake ƙera shafin intanet, dole ya gangaro birni. Can ne wuta, can ne rezo mai ƙarfi, kuma can ne mutanen da za su nuna masa.

Birnin da ya saba da saƙon nesa

Ba yau Damagaram ta fara zama mahaɗar labari ba. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki sama da shekaru 30 a ƙarni na 19, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a gida, ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gat na sauka Zango kafin su wuce Kano ko Kukawa. Tare da gishiri da tufafi da takarda, suna ɗauke da wasiƙu. A Damagaram Bajamushe Heinrich Barth ya zauna daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853 yana jiran saƙo da guzuri daga arewa. Attajirai irin su Malam Yaro sun yi dukiya ne domin suna da wakilai a garuruwa masu nisa, suna jin labarin kasuwa kafin kowa. Bayan yaƙin Tirmini a 1899 Faransawa suka kama garin, suka mai da shi babban birnin ƙasa daga 1911 zuwa 1926, sannan suka kwashe mulki suka kai Yamai, mai nisan kilomita kusan 900.

Tun daga lokacin Damagaram ke jin zafin nisa da fadar gwamnati. Abin da intanet ta yi alkawari shi ne rage wannan nisa. Ta shigo Nijar cikin shekarun 1990 ta hannun SONITEL, ƙasar ta samu alamarta ta .ne da ake liƙawa a ƙarshen adireshi. Sai dai alkawari ba ya cika kansa. Sai da hannun da zai gina shafi, da idon da zai kula da shi.

Tabarma, shayi da kwamfuta

Wanda ya san Damagaram ya san fada. Tun shekarun 1990 samari ke shimfiɗa tabarma a bakin titi, su rubuta sunan ƙungiyarsu jikin bango, su ɗora butar shayi kan gawayi, a yi hira har dare ya raba. An zagi fada, an yabe ta. Waɗansu sun ce matattarar marasa aiki ce, musamman da ƙungiyoyin ƴan fale suka yi ƙaurin suna, abin da Aicha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021 kan unguwar Kara-Kara. Amma a fada ne ake tara kuɗin suna da na asibiti, a can ake jin inda aiki ya faɗo.

Masu gina shafukan intanet ba su ƙirƙiro wata sabuwar al'ada ba. Tabarmar da suka tarar suka hau. Bambancin kawai, kusa da butar shayi akwai kwamfuta ɗaya ko biyu, da waya guda da ke raba wa kowa rezo, da doguwar igiyar wuta da aka jawo daga shagon maƙwabci. Mafi yawansu ɗalibai ne ko tsofaffin ɗaliban jami'ar garin, wadda aka kafa a 2010, take kuma ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou. Akwai masu shagon buga takardu, akwai masu gyaran waya, akwai ƙananan ma'aikata da aka ɗora wa kula da shafin ofis ba tare da an koya musu ba.

Hirarsu ta sana'a ce tsantsa. Wannan ya kawo shafin da ya ƙi buɗewa, a taru a kansa kamar makanikai a kan mota. Wancan ya nuna yadda ake rage nauyin hoto domin shafi ya buɗe da sauri a ƙauye, kada ya cinye wa talaka kuɗin rezo. Wani ya tambayi nawa ya kamata a caji mai shago, domin wanda ya karya farashi ya karya wa kowa. Babu mushe, babu allo, babu takardar shaida. Wanda ya sani yau, gobe shi ke tambaya.

Irin wannan haɗuwa tana da ƴan uwa a duniya. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, kuma aka gina sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita, ta bazu ne ta hanyar ƙananan tarukan unguwa da masu sa kai ke shiryawa kyauta. Babban taronsu na farko an yi shi a 2006 a Amurka. Ƙungiyoyin masu aiki da kayan Google suna da rassa a Kano da Yamai, suna taron shekara. A Yamai kuma cibiyar CIPMEN, da aka buɗe a 2014, tana rainon ƙananan kamfanoni. Ɗan Damagaram na tsakiya: takardunsa da Faransanci suna kallon Yamai, harshensa da kasuwarsa suna kallon Kano, wadda ta fi kusa nesa ba kusa ba.

Ƙayoyin da ke kan hanya

Ƙaya ta farko wuta ce. Yankin ya daɗe yana dogara da lantarkin da ke zuwa daga Najeriya ta Katsina. Da aka katse shi a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin da ya biyo baya, kowa ya ga yadda sana'ar zamani ke rataye da zare ɗaya. Sai a 2024 aka maido da shi. Tun daga nan wanda ke da faifan hasken rana da batir ya zama maigidan fada.

Ta biyu rezo. An shimfiɗa igiyar gilashi mai ɗaukar saƙo daga Damagaram zuwa Tinkim da iyakar Najeriya, cikin aikin ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya ba kuɗi. A 2025 kuma Starlink mai aiki da tauraron ɗan adam ya fara aiki a Nijar da izinin hukuma. Wannan na iya kai rezo inda igiya ba ta kai ba, amma kuɗin na'urar ya fi ƙarfin mutum ɗaya a ƙauye.

Ta uku biya. Sunan shafi haya ake yi, shekara-shekara, haka ma wurin ajiye shi. Kamfanonin waje katin banki suke karɓa, alhali ɗan kasuwar Damagaram ya saba da tsabar sefa da gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana. A fada ne ake samun mai kati guda da zai biya wa mutum biyar.

Ta huɗu harshe. Shafukan ofisoshi da Faransanci suke, mutanen da aka yi su dominsu kuwa Hausa suke ji. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kwamfuta ta san su, amma sai wani ya nuna wa wani inda suke ɓoye. In ba haka ba, sai a rubuta kasa inda ake nufin ƙasa.

Zancen amana

Nan ne maganar ta shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci. A tsohon Zango, baƙon fatake na sauka wurin fatoma, ya danƙa masa kaya, domin unguwa duka ta san fatoman, ta san gidansa. Mai kula da shafi shi ne fatoman yau. A hannunsa mabuɗin sirri yake, da sunansa ake yawan yin rajista. Ranar da ya samu aiki a Yamai ko ya haura Kano, ba wanda ya biya hayar shekara, sai shafi ya mutu, wani ma ya saye sunan. Baduku mai jakunkunan fata ko mai alkaki da ta buga adireshin jikin kwalinta, sai su wayi gari ƙofar shagonsu ta zama ta wani. Ofishin da aka sauya wa shugaba ya tarar ba wanda ya san mabuɗin.

Maganin bai da wuya. A yi rajistar suna da sunan mai shago ko na ofis, a rubuta mabuɗin a ajiye wurin mutum biyu, a san ranar biyan haya kamar yadda aka san ranar biyan haraji. Kuma a nemi magini wanda ke da abokan sana'a, domin in ya tafi akwai wanda ya san aikinsa. Wannan shi ne babban amfanin haɗuwar: tana mai da gwanintar mutum ɗaya ta zama ta gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da waɗannan matasa ke buƙata bai taka kara ya karya ba: ɗaki mai inuwa, wuta tsayayya, da rezo na yini ɗaya a mako. Attajirin da ke da zaure a rufe zai iya bayarwa, haka ma shugaban makaranta ranar da babu karatu. Ƙananan hukumomi irin Dakusa su ma suna da abin sanarwa: ranakun kasuwa, farashin hatsi, lokacin rigakafin dabbobi, takardun da ake nema kafin a yi takardar haihuwa. In ɗan ƙasar ya koyo sana'ar a birni ya koma da ita gida, manomi zai huta da tafiyar banza, ƙauyen kuma zai riƙe ɗansa. In ba a ba shi wuri ba, zai bi sawun waɗanda suka riga shi, labarin Damagaram kuma ya ci gaba da fitowa daga bakin waɗanda ba su taɓa shan ruwanta ba. Allah ya sa masu hali su ji.