Ƙwanƙwasar Sitiyari a Tudun Wada

Tun daga Kwangila a-kori-kurar ta fara ƙorafi. Duk sanda na murɗa sitiyari, ko taya ta faɗa rami, sai in ji ƙwas daga ƙasa. Na lallaɓa na ratsa Sabon Gari, na haye gadar Kubanni, na shiga Tudun Wada.

Ma'abota karatu sun san unguwar nan da Kamfanin Gaskiya da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. Amma akwai wata makarantar a gindin darbejiya, kafin a kai Ƙofar Doka, wadda ba ta ba da takardar shaida.

Dattijon bakaniken bai ko dubi sifana ba. Ya sa yaronsa ya ɗaga gaban motar da jak, ya kama tayar hagu sama da ƙasa ya girgiza, shiru. Da ya kama ta gefe da gefe, sai ƙarar ta amsa.

"Malam, tayarod ne. Robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, ƙura ta shiga ta cinye ƙwallon. Da a girgizar farko ta yi ƙara, da boljoyin ko boris za mu tuhuma."

Na ce, "Baba, ba zai kai ni Kaduna a haka ba?"

"In ya zare kana cikin gudu, tayar ta daina jin maganar sitiyari ke nan."

Ban ƙara neman rangwame ba. Kafin la'asar ya ɗaura sabo, ya kuma gargaɗe ni in je a daidaita tayoyin gaba, in ba haka ba gefe ɗaya za su riƙa cinyewa.